Daga Sokode Zuwa Dapaong da Akwatin Makaranta



Duk wanda ya shiga babbar kasuwar Sokode a farkon watan Satumba ba sai an gaya masa hutu ya ƙare ba. Masu sayar da littattafai sun baje kaya har bakin titi, teloli sun ajiye ɗinkin biki sun koma kan kaki, iyaye kuwa kowa da 'yar takardarsa a hannu, yana bin rumfuna yana taya kaya yana girgiza kai. Yawancin takardun nan gajeru ne, domin galibin makarantun gwamnati a ƙasar nan na jeka-ka-dawo ne, yaro ya kwana gidansu ya ci tuwon uwarsa. Amma jefi-jefi za ka ga wani da doguwar takarda, shafi guda cur har da baya. To wannan ɗansa ko 'yarsa makarantar kwana za a kai, wadda a Faransanci ake ce wa anterna. Saboda irin waɗannan iyaye muka ɗauki alƙalami, domin an wakilta mu mun raka 'yan mata uku na unguwarmu zuwa wata makarantar kwana ta mishan a Dapaong, garin da tsofaffinmu har gobe Dapango suke ce masa. Abin da muka gani a kasuwa da hanya da ɗakin kwanan ya nuna mana cewa takardar da makaranta ke bayarwa rabin magana ce. Sauran rabin, garin da za a kai yaron shi ke faɗinsa.

Mai karatu zai ce, me ya yi zafi har 'yar Sokode za ta tafi karatu kusan kilomita 300, alhali ga lise a gari, ga kuma ta koyon sana'a wadda yaran arewa ma suke saukowa dominta? Amsar tana cikin gidajenmu. Uba direban babbar mota ne, yau yana tashar jiragen ruwa ta Lome, jibi yana Sinkase yana jiran a ba shi hanyar Wagadugu. Uwa tana kasuwa daga safe har magariba. Yarinyar da ta ci jarrabawar CEPD da sakamako mai kyau, ita ce mai ɗebo ruwa, ita ce mai raino, ita ce mai kai tallan koko da ƙosai kafin a buga ƙararrawa. Mu malamai mun sha ganin irin wannan yarinya tana gyangyaɗi a aji, ta maimaita bana, ta maimaita baɗi, kafin a kai ga BEPC sai mu ji ana rabon goron ɗaurin aurenta. Tun 2008 aka soke kuɗin makarantar firamare ta gwamnati, kuma 'ya'ya mata sun ƙaru a azuzuwanmu ƙwarai, amma soke kuɗi bai ba yarinya awa biyu da dare ba, waɗanda za ta zauna gaban littafi babu mai aikenta. Abin da makarantar kwana ke sayarwa ke nan. Dapaong kuwa an zaɓe ta ne don tana kan hanyar iyayen maza, kuma akwai dangi a Zangon can.

Aika yaro nesa don neman ilmi ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kakanninmu fatake da suka biyo hanyar goro daga Kano da Katsina, suka ratso Jugu suka sauka Didawure kan hanyarsu ta zuwa Salaga, tun kafin Jamusawa su kafa barikinsu a Sokode, ba su bar 'ya'yansu a gindin murhu ba. Sai dai kayan almajirin wancan zamani ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, watau allo da buzu da akushi da gora da 'yar riga. Zauren malam ne makwancinsa, gari ke ci da shi. Yanzu makaranta na ba da gado da tuwo, sauran duk daga gida take nema.

Abu na farko a takardar shi ne akwatin ƙarfe. Da Faransanci sunansa kantin, kada a rikita shi da kantin da ake sayayya, tsofaffi kuma adaka suke cewa. Akwai na kanti masu sheƙi, akwai waɗanda masu walda ke ƙerawa a gari, mu kam na masu walda muka fi so, in dai an duba su da kyau. Ka ɗora gwiwa a kan murfin ka ji ko zai lotsa, domin akwatin nan shi ne kujerar yarinya, shi ne teburinta, kuma a saman mota ba mamaki buhun masara za a aza masa. Ka duba maratayin kwaɗo, ko an yi masa walda sosai ko ɗan liƙa shi aka yi. Sa'an nan tsayinsa. Akwatin da ya ƙi shiga ƙarƙashin gado ya zama fitinar shekara guda, don haka a tambayi makaranta ko wata tsohuwar ɗaliba tsayin gadon tun kafin a biya kuɗi. Jakar yadi mai zif da taya, irin ta masu hawa jirgin sama, ba ta yi ba ko kusa. Ɓera ba ya jin kunyarta, zif ɗin kuma da bakin biro ake buɗe shi. Kwaɗo a sayi mai makulli uku, ɗaya a wuyan yarinya, ɗaya wurin mai kula da ɗaki, ɗaya ya zauna gida.

Wajen rubuta suna aka yi 'yar dariya. Mai fenti ya tsoma burushi ya ɗaga kai ya ce, "Hajiya, wane suna za a sa?" Yarinyar kuwa 'yar fari ce, uwar ba ta taɓa kama sunanta ba tun da ta haife ta. Sai ta kau da kai ta ce, "Malam, gaya masa sunan 'yar taka." Muka faɗa, amma sai da muka buɗe takardar haihuwa tukuna, domin sunan da ake kiran yaro da shi a Zango sau da yawa ba shi ne a takarda ba, kuma yadda magatakardan gwamnati ya rubuta shi da harufan Faransanci, shi makaranta ta sani. Wannan suna za a sa a akwati da bokiti da kwano, a kuma ɗinka shi da zare a wuyan kowace riga da bakin kowane zane. Tawada wanki uku take yi ta gudu.

Inda muka daɗe muna ja-in-ja da iyaye mata shi ne yawan kaya. Matan Zango ba a koya musu shirya ɗaki. Tun yarinya na goye uwa ke tara mata kwanuka da tasoshi da zannuwa, domin ranar jere kada a ji kunya. Da wannan ido Hajiya ta dubi takardar makaranta, ta ji an ce kwano ɗaya, kofi ɗaya, cokali ɗaya, sai ta ji kamar an mai da 'yarta marainiya. Ta fito da jerin kwanon samira, da labule, da babban madubi, da dutsen guga na lantarki, tana kuma shirin yanko atamfa turmi uku. Muka ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ɗakin da za ta ba nata ba ne ita kaɗai, kuma abin da ya fi na kowa kyau shi ke fara ɓacewa." Ta ce, "Malam, ai sai a ce ba ta da gata." Mun fahimce ta sarai, ba ma ganin laifinta, domin ita ba a kai ta boko ba, ɗaki ɗaya ta sani da ake kai 'ya mace. Amma kuɗin atamfa turmi uku zai rage abu mai kauri daga kashi na biyu na kuɗin makaranta, wanda shi ne kan kayar da iyaye bayan hutun Disamba, lokacin da ɗokin Satumba ya wuce, aljihu kuma ya bushe. Mun ga yaran da aka kai da akwati maƙil, aka dawo da su a Janairu don an kasa biya. Atamfa dai ta haƙura da ita. Madubi da dutsen guga da samira kuwa ta ce sai sun tafi, kuma ita ma da ƙafarta za ta je ta ga ɗakin.

Ba kome ne ya kamata a saya a Sokode ba. Katifa da bokiti da tsintsiya da jarka, har da fartanyar da wasu makarantu ke nema don aikin fili, duk akwai su a kasuwar Dapaong, wadda ke cika ranar Asabar. Direba kuɗin kaya daban yake karɓa, kuma katifa ce ta fi jawo gardama a tasha. Bugu da ƙari, wanda ya saya can ya riga ya ga gadon, ba zai kwaso katifar mutum biyu ya kawo wa gado mai faɗin santimita 90 ba. Abin da ba za a bari ba sai an saya a nan shi ne gwado. Masaƙan Sokode sun yi suna a ƙasar nan, saƙarsu mai kauri ce, tana jure wanki, ta fi bargon gwanjo mai tara ƙura. A Satumba ana zufa, ba mai tuna bargo, takardar ma zanen gado biyu kawai ta ambata. Dalilin gwadon zai zo in mun isa Dapaong.

Sai guzuri. Makaranta na dafa abinci, amma duk wanda ya yi kwana a makaranta, kamar yadda muka yi a ta horon malamai, ya san yunwar ƙarfe goma na dare. Garin rogo shi ne sarki, kuma ya fi araha a nan bisa arewa. A haɗa da suga da ƙuli-ƙuli da yaji da madarar gari, da soyayyen barkono mai busasshen kifi wanda 'yan'uwanmu na Gana ke kira shito. Wannan sai an soya shi har ruwa ya ƙone ƙurmus mai ya taso sama, in ba haka ba kwana goma ya yi funfuna. Kome a zuba a robar da ke da murfi mai murɗawa, ban da kwalba, ban da leda zalla, saboda kiyashi. Wasu makarantu ba su yarda da abincin waje ko kaɗan, sai a tambaya kada a yi asara.

Mun tashi bayan sallar asuba a ƙaramar bas, akwatunan a sama an lulluɓe su da tamfol, domin Satumba tsakiyar ruwa ce. Wanda zai yi wannan tafiya ya tsaya da kansa ya ga an ɗaure, ya kuma tabbata an sa littattafai cikin leda a cikin akwatin, don tamfol ɗin tasha ba ya rasa huji. Daga Sokode hanya hawa take yi cikin duwatsu da itatuwa har Alejo, inda aka tsaga dutse mota ke bi ta tsakiya, ko da yake an yi wa manyan motoci hanyar kewaye. Sai Bafilo, sai Kara bayan kamar kilomita 75. Kara garin makarantu ne, ga kwalejin Chaminade ta 'yan mishan, ga ta soja a Cicawo wadda aka buɗe a 1979, ga jami'a tun 2004. A tasharta muka ga akwatuna irin namu jibge, kowane da suna da farin fenti, kowane da yaro a zaune a kai yana gadi.

Bayan Niamtugu da gangaren Defale da Kante sai ƙasa ta sake. Duwatsu suka koma baya, sama ta buɗe, kunyoyin doya suka ragu, gero da dawa da auduga suka karɓe gonaki, ga kuka ga kaɗanya ga ɗorawa, ga zabi na tsallaka titi. Ɗaya daga cikin yaran, wadda ba ta taɓa wuce Kara ba, ta ce, "Malam, har yanzu Togo muke?" A Mango muka haye kogin Oti ya cika ya batse. Halin malami ba ya ɓuya, nan muka ɗan yi musu darasi, cewa cikakken sunan garin a tsofaffin taswirori Sansanne-Mango ne, watau sansanin Mango, kalmarmu ce ta Hausa, masu garin kuwa, Cakosi, Nzara suke cewa da bakinsu. Ke nan tun kafin a shimfiɗa kwalta harshenmu ya riga mu bin wannan hanya.

Daga nan shingayen jami'an tsaro suka ƙaru, kuma wannan magana ba ta ɓoyuwa, domin duk uban da aka ce masa Dapaong ita ce farkon abin da ke faɗo masa a rai. A watan Nuwamba na 2021 'yan bindiga suka fara kai hari a yankin Kpenjal, kusa da iyakar Burkina Faso. A watan Mayu na 2022 aka kashe sojoji 8 a Kpekpakandi, a watan Yuni na shekarar kuma gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a jihar Savanes, aka yi ta tsawaita ta. Mutanen ƙauyuka da dama sun baro gidajensu sun shigo garuruwa. Mu dai mun tarar da kasuwar Dapaong na ci, makarantu a buɗe, amma ba za mu yanke wa kowane uba hukunci ba, kowa ya auna da kansa. Abin da ya shafi shirin kaya shi ne, takardar haihuwa da katin shaida da takardar karɓar yarinya a makaranta su zauna a jakar hannu. Mun ga wani bawan Allah da aka sa ya sauko da akwati daga saman mota a tsakiyar rana, aka kwance igiya aka kwashe kaya, don takardar ɗansa tana can ƙasan garin rogo. A kuma yi tafiyar da rana.

Dapaong gari ne na Moba da Gurmawa, da Mosawa da Fulani, da namu mutanen na Zango masu shanu da goro da kayan koli. Ba ta da duhun itatuwan Sokode, ƙasarta ja ce mai tsakuwa, iska na kaɗawa ba abin da ke tare ta. Tsakaninta da Sinkase bai kai kilomita 40 ba, shi ya sa manyan motoci ba su yankewa a titinta. Mun sauka Zango wurin dangi, muka yi sayayyar katifa da bokiti a kasuwa, da la'asar muka shiga makaranta.

Ɗakin kwanan dogon zaure ne mai rufin kwano, gadajen ƙarfe masu hawa biyu a jere hagu da dama, hanya a tsakiya wadda mutum biyu ba sa wucewa sai ɗaya ya karkace. Duk abin da yarinya ta mallaka a cikinsa shi ne gadonta, da rabin ƙarƙashin gadon, don ɗaya rabin na ta sama ne, da ƙusa ɗaya a bango. Hajiya ta tsaya ta daɗe tana duban ƙusar nan, ba ta ce uffan ba. Mai kula da ɗakin, wadda yara ke kira Maser, ta sa kowace yarinya ta buɗe akwatinta a tsakar gida, tana duba takarda tana duba kaya. Wayar hannu, dutsen guga, madubi, samira, da ƙullin magunguna da aka sayo a kasuwa ba takardar likita, duk aka ware su gefe cikin ladabi aka ce su koma gida. Abin da aka yaba kuwa, tocila mai cajin hasken rana, da igiyar shanya, da allura da zare.

Igiyar nan da allurar gidan sauro ne ya sa muka sa su. Gidan sauro ba ya wuyar samu a Togo. Tun Disamban 2004 aka raba shi kyauta a ƙasa baki ɗaya tare da rigakafin ƙyanda, aka kuma yi ta maimaita rabon bayan 'yan shekaru, har gidaje da yawa suna da ɗaya a ajiye. Rataya shi ne aiki. Ta gadon ƙasa tana ɗaurawa a ƙarfen na sama, ta huta. Ta sama kuwa sai ta sami igiya ko sanduna huɗu, in babu sai ta naɗe shi ta yi matashi da shi, kuma ana buɗe makaranta ne daidai lokacin da sauro ya fi yawa. Mai kusurwa huɗu ya fi dacewa da irin gadon nan bisa mai kan tulu. Huji kuma ko na shigar yatsa ne a ɗinke shi a daren, kada a ce sai gobe.

Sai ruwa, wanda ɗan Sokode ba ya ba shi muhimmanci sai ya zo nan. Dapaong na shan ruwan madatsar Dalwak, da rani kuma famfo kan yi wuya a unguwanni da dama. Takarda ta ce bokiti ɗaya. Mu mun ce a ƙara da jarka, kuma bokitin ya zama mai murfi, don yarinya ta tari ruwa lokacin da ya zo ta ajiye na alwala da na wanka. Kada a saya mata babbar jarka mai lita 25 don an ga ta fi riba. 'Yar shekara 12 ba ta iya ɗaga ta, ƙarshenta sai ta zama ta manyan ɗalibai. Mai lita 10 ta wadatar.

Yanzu ga dalilin gwado. Sokode ma tana ganin hunturu, amma na Dapaong ya fi tsawo ya fi kaifi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska ce busasshiya mai ƙura, da asuba sanyi na ratsa rufin kwano ya sauka kan ta gadon sama, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, hanci ya yi ta haɓo. A lokacin yarinya na bukatar gwado da rigar sanyi da safa da man kaɗe. Man kaɗe kam kada a ɗauko daga gida, nan ne gidansa. Rigar sanyi a tambayi launin da makaranta ta yarda a sa kan kayan makaranta. Hunturu na wucewa sai zafin Maris da Afrilu, ma'auni ya kai 40, ɗakin ya koma tanda, katifar soso ta gagara kwanciya. 'Yar tabarma da za a shimfiɗa a kanta ba ta cin wuri a akwati. Waɗannan watanni na ƙura da zafi su ne kuma na sanƙarau, wanda ya ɓarke a arewacin ƙasar nan a 2016, kuma ɗakin da mutane da yawa ke kwana tare shi ciwon ke so. Saboda haka katin rigakafi ya bi yarinya, in kuma ba a tabbata an yi mata allurar ba a je asibiti a tambaya kafin tafiya.

Akwai abin da ba za ka taɓa gani a takardar makarantar mishan ba, kuma ba laifinsu ba ne, watau buta da sallaya da hijabi. Mu ne za mu sa. Amma sa su a akwati bai isa ba. Tun kafin a biya ko dala, uba ko wakilinsa ya zauna da shugabar makaranta ya yi tambaya a fili: ina yarinya za ta yi salla, ana barinta ta tashi da asuba, wane nama ke shiga tukunya, ya ake yi da azumi? Maƙwabtanmu Moba suna da abincinsu da abin shansu, muna da namu, kuma an daɗe ana zaune lafiya a kan haka, don haka tambayar ba cin fuska ba ce. Azumin 2025 a watan Maris ya faɗo, tsakiyar zafi kuma tsakiyar karatu, yaran da ba a yi musu maganar sahur tun farko ba garin rogo da ruwa suka yi ta sha a duhu. Inda muka kai namu, an nuna mana wani ɗan ɗaki da 'yan mata Musulmi ke salla a ciki, aka kuma ce su ke dafa sahur da kansu bi da bi. Wata makarantar ba lalle a sami haka ba. In amsar ba ta gamsar ba, gara a ɗauki akwati a nemi wani wuri tun ranar, da a bar yarinya ta riƙa ɓoye butarta.

A takardar shiga akwai layin da aka ce a rubuta sunan wakili a gari. Iyaye da yawa kan cika shi da sunan duk wanda ya faɗo musu, wani ma bai san an rubuta shi ba. Wannan layi ya fi katifa muhimmanci. Wakili shi za a kira in zazzaɓi ya kama yarinya da dare, shi zai karɓe ta ranar fita, kuma a halin da jihar ke ciki, shi zai ɗauke ta in wani dalili ya sa aka sallami yara ba shiri. Mun je gidan namu wakilin da yaran, suka gaishe shi suka ga ƙofar gidan, suka san matarsa, muka bar kuɗin motar komawa Sokode a hannunsa, ya ce, "Malam, ai 'ya'yana ne, ku je da zuciya ɗaya." Kuɗin kashewa kuwa wurin mai ajiyar kuɗin makaranta aka bar shi, tana karɓa kaɗan-kaɗan. Kuɗi a akwati gayyatar ɓarawo ne, kuma yana ɓata zumuncin ɗaki.

A Zangon mun ga wasu samari huɗu 'yan lise, daga ƙauyuka suka zo, sun haɗa kuɗi sun kama ɗaki ɗaya haya. Irinsu sun fi 'yan makarantar kwana yawa nesa ba kusa ba. Nasu shirin ya fi nauyi, don ban da tabarma da bokiti sai da murhun gawayi da tukunya da buhun masara, kuma ba mai buga musu ƙararrawar karatu ko ta barci. Wannan magana ce mai zaman kanta, sai wani watan in Allah ya kai mu.

Washegari muka juyo, madubi da dutsen guga da samira suna cikin kwali ƙarƙashin kujerar Hajiya. An shirya cewa mahaifin ɗaya daga cikin yaran, in ya ɗauko kaya daga Lome a tsakiyar Nuwamba, zai tsaya ya sauke musu garin rogo da rigunan sanyi, ya kuma karɓo wasiƙu, tun da ba waya a hannunsu. Mun roƙe su su rubuta wa iyayensu mata da Hausa, ko da ajami ko da harufan da suka koya a aji, don in an zo karanta wa uwa kada sai an nemo mai fassara.